Ƙwai Uku a Kasuwar Lafiya: Nazari Kan Iri, Abinci da Haja

Wanda ya zaga kasuwannin Lafiya a tsakiyar damina zai ci karo da ƙwai iri uku, kuma ba a wuri ɗaya zai same su ba. Na farko shi ne na gidan gona, manya-manya, a jere cikin kiret mai cin 30, an jibge su a shaguna da teburan masu shayi. Na biyu na zabi ne, ƙanana masu tsini da taurin ɓawo, dafaffu a faranti bisa kan yara a tasha, da ɗan ƙullin gishiri ko yaji a gefe. Na uku, wato na kazar gida, sai an yi cigiya. Abin mamaki, kajin gida sun fi kowane tsuntsu yawa a unguwannin garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi, daga Shabu zuwa Kwandare, daga Assakio zuwa Agyaragu, amma ƙwansu ya fi kowane ƙwai wuyar gani a kasuwa. Daga wannan saɓani nazarin ya taso. Abin da nake son nunawa shi ne, a tsarin kiwon gida ƙwai iri ne, kamar irin doyar da manomi ke warewa ko da yunwa na cin gidansa, kuma daga nan girki da ajiya da camfi, har ma da ado, suka samo fasalinsu.

Lafiya wuri ne da ya dace da wannan tambaya. Barebari ne suka kafa garin ƙarƙashin Muhammadu Dunama wajen ƙarshen ƙarni na 18, ya kuma zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka yanke Nasarawa daga Filato. A cikinsa da kewayensa akwai Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa, akwai Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, Hausa kuma ita ce harshen ciniki. Kowane ɓangare na da ranar da yake buƙatar kaza da irin kazar da yake buƙata. Ga shi garin na kan hanyar da ta haɗa Jos da Makurɗi, a ƙasar da ruwa ke sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, zafi kuma ya kai matuƙa a Fabrairu da Maris. Zafin da laimar duka suna da tasiri a kan ƙwai.

Kaza baƙuwa ce a Afirka, ko da yake ta daɗe har an manta. Asalinta wata kazar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya, kuma binciken da aka buga a 2022 ya kai tsofaffin ƙasusuwan kazar gida da aka tabbatar zuwa Ban Non Wat a ƙasar Tailan, tsakanin shekara ta 1650 da 1250 kafin haihuwar Annabi Isa. A Afirka ta Yamma, masu tonon kayan tarihi sun sami ƙasusuwanta a Kirikongo ta Burkina Faso da Jenne-jeno ta Mali, a cikin shekaru dubu na farko bayan haihuwarsa. Zabo kuwa ɗan ƙasa ne, daga dajin nan aka kamo shi, har yau kuma bai gama yarda da mutum ba. Agwagwar da ke yawo a kwatamin unguwanninmu da talo-talo daga nahiyar Amurka suka zo bayan Turawa sun tsallaka teku.

Kafin a yi maganar al'ada, sai an yi lissafin kaza. Kazar gida takan saka ƙwai 10 zuwa 15, ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe, sannan ta shafe wajen wata biyu tana yawo da 'yan tsakinta kafin ta yaye su ta koma saka. Sau uku ko huɗu take yin wannan zagaye a shekara, jimillar ƙwanta ke nan bai cika wuce 30 zuwa 60 ba. Littafin jagora kan ƙaramin kiwon kaji da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2004, wanda Farfesa Sonaiya na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya rubuta da abokin aikinsa Swan, ya kawo adadi makamancin wannan. A nan jihar ma, Farfesa Abdulmojeed Yakubu na tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu ya buga nazari kan kajin gida na jihar a 2010. To a ƙaddara kaza ta kwanta kan ƙwai 12. Tara ko goma za su ƙyanƙyashe, sauran su zama baragurbi. Cikin waɗanda suka fito, shirwa da shaho da muzuru da ruwan sama da cuta za su kwashe rabi, wani lokaci fiye. Huɗu ko biyar ne za su kai girma. Ke nan duk ƙwai uku da aka bar wa uwar kaza, akwai kyakkyawan zaton kaza guda bayan wata shida, kazar da ba a kashe mata komai ba sai dusa da ɗan tsaba da ruwan kasko, sauran abincinta ita ke tono shi a juji da gindin rumbu. Kuɗin kazar nan ya ninka kuɗin ƙwai ukun sau da yawa.

Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, magana ce ta wanda ya san shirwa. Amma matar gida kullum saɓa wa wannan karin magana take yi, kuma lissafi yana bayanta. Na ce matar gida, domin kiwon kaji a yankin nan, kamar sauran ƙasar Hausa da maƙwabta, galibi a hannun mata da yara yake. Kaza ita ce dukiyar farko da yarinya ko amarya ke iya cewa tata ce, ba ta uba ba, ba ta miji ba. Kaka takan ba jika sagara ta ce a ga hannunsa. Kaji su taru a sayar a sayi akuya, awaki su taru a kai ga tunkiya ko maraƙi. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, ko makaranta ta koro shi saboda kuɗin jarrabawa, ba a ɗaga akuya; zakara ake kamawa a ɗaure ƙafafu a aika kasuwa. Wanda ya fasa ƙwan wannan kaza ya soya, matakin farko na wannan tsani ya karya.

Da wannan ido ya kamata a dubi camfin nan da kowa ya taso ya ji, cewa yaron da ya saba da cin ƙwai zai zama ɓarawo. Camfin ba na Hausawa kaɗai ba ne. Masanin labarin ƙasa Frederick Simoons, a littafinsa na 1961 kan abincin da al'ummu ke ƙyama, ya nuna yadda gudun ƙwai da naman kaza ya yaɗu a sassa da yawa na Afirka, kuma sau da yawa mata da yara ya fi shafa. A duba waɗanda aka hana: su ne masu wuni a gida tare da kaji. A duba inda kaza ke saka: ƙarƙashin rumbu, bayan randa, lungun madafa, duk inda hannun yaro ke kaiwa ba tare da ya yi tsalle ba. Yaron da ya ɗanɗana ya ji daɗi, gobe ba sai an ba shi ba, kuma wannan ɗaukar ita ce satarsa ta farko. Don haka camfin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai ya faɗaɗa ƙaramar gaskiya ya mai da ita ƙaddara. Hanin da ake yi wa mai ciki ya fi wannan sarƙaƙiya, domin dalilan da ake bayarwa sun bambanta daga gida zuwa gida, wasu su ce jariri zai yi girman da zai wahalar da haihuwa, wasu su kawo wani abu dabam. A nan akwai tsohon tunanin da ke haɗa ƙwai da haihuwa, wanda lissafin kuɗi kaɗai ba zai warware shi ba. Duk da haka sakamakon ɗaya ne: ƙwan ya zauna a gurbinsa.

Ba na cikin masu yi wa camfi kwalliya. Ya kare kaza, amma yaro da mai ciki ne suka biya. Ƙwai matsakaici na ɗauke da wajen giram 6 na sinadarin gina jiki mai inganci, da wasu sinadaran da ƙwaƙwalwar jariri ke buƙata, a ƙasar da kunu da tuwo suka mamaye kwanon yara. Gwajin da aka yi a ƙasar Ekwado, aka buga a 2017, ya nuna ba jarirai ƙwai ɗaya kullum har wata shida ya rage tsumburewa da kusan rabi. Da aka maimaita irinsa a Malawi, aka buga a 2019, ba a ga wannan bambanci a tsayin yara ba, kuma masu binciken sun lura cewa yaran can suna samun kifi. Darasin da ke ciki ya shafi Lafiya kai tsaye, domin yaran bakin kogi a kudancin jihar da yaran tudu ba abinci ɗaya suke ci ba, amfanin ƙwai kuma ya fi fitowa inda babu wani abin da ke maye gurbinsa. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 ya sanya ƙwai ɗaya a mako cikin tsarinsa, kuma ba ƙwan kazar gida aka dogara da shi ba.

Tukunya ma shaida ce. A lissafa tsofaffin abincin yankin: tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ko agushi ko riɗi, sakwara, fate, dambu, fura, kunu, waina, ƙosai, ɗanwake, nakiya. Babu ɗaya da ba ya yiwuwa sai da ƙwai. Inda ake son ƙulli ya tashi, tsami da bugu ke yin aikin. Inda ake son abu ya kama jikinsa, kuka da kanwa da rogo sun wadatar. Duk abincin da ƙwai ya zama ginshiƙinsa a yau na baya-bayan nan ne: wainar ƙwai da burodi a teburin mai shayi, indomi da ƙwai, soyayyiyar doya da aka tsoma a ƙwai, awara da ƙwai, miyar ƙwai, kek. Doya da ƙwai ta fi ba ni sha'awa, domin Lafiya garin doya ne tun kaka da kakanni, amma sai da kiret ya zo doyar ta haɗu da ƙwai a kasko. A ɗanwake da alale kuwa, dafaffen ƙwai ƙari ne na mai hali, ana yi ba shi.

Ƙwan zabi ne ya kauce wa wannan doka tun da daɗewa, kuma yadda ya kauce ya ƙara tabbatar da ita. Zabuwa da damina take saka, kuma idan ana kwashe mata tana iya zuba ƙwai da yawa fiye da na kazar gida a 'yan watanni. Amma ba ta iya kwanci a natse ba, ba ta kuma iya reno ba. Takan ja 'ya'yanta cikin raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa har sanyi ya kashe su. Shi ya sa masu kiwo ke ɗaukar ƙwanta su sa wa kaza, ta kwanta kwana 26 zuwa 28 maimakon 21 da ta saba. Kaza ɗaya kuwa ba ta iya rufe fiye da abin da fukafukanta suka kai. Ke nan adadin kajin da ke kwanci shi ke iyakance ƙwan zabin da za a mayar iri, duk abin da ya haura rara ne, rara kuma ita ake dafawa a kai tasha. Yaran da aka hana ƙwan kaza su ne ke tallan na zabi. Ɓawonsa mai kauri ya sa yana jure jijjigar mota da kwanakin hanya fiye da na kaza, shi ya sa ya zama guzurin matafiya tun kafin a san kiret.

Batun ajiya shi ne inda hujjar ta fi ƙarfi, don haka zan ɗan zauna a kai. Ɓawon ƙwai na da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, da wani siririn rufi da kaza ke shafa masa lokacin fitowa. Ta ƙofofin nan ruwa da iska ke fita a hankali, gurbin iskar da ke ɓangare mai faɗi ya riƙa girma, farin ƙwan ya tsinke, gwaiduwa ta saki. Wannan ne dalilin da ya sa sabon ƙwai ke nutsewa a ruwa, tsoho ya ɗaga kai, ruɓaɓɓe ya taso, gwajin da tsofaffin mata suka sani ba tare da an karantar da su ba, tare da girgizawa a kunne da ɗagawa a hasken rana. Wanke ƙwai na cire rufin nan ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. A Amurka ana wankewa sannan a tilasta sanyawa a firji; a yawancin ƙasashen Turai ba a wankewa, ana sayar da shi a kan kanta. Zafi ne babban abokin gaba, a Lafiya kuma bazara kan haura digiri 35. Ƙwan kazar gida na da ƙarin matsala: tunda akwai zakara a tsakar gida, kusan kowane ƙwai na ɗauke da rai, kuma da zafi ya haura digiri 20 da ɗoriya ɗan tayin kan fara motsi, ya rasa ɗumin da zai ci gaba, ya mutu. Ƙwan da ake son ƙyanƙyasa kuwa, ƙarfinsa kan fara raguwa bayan kamar mako guda.

To me matar gida ke yi? Takan kwashe ƙwan ta sa a ƙwarya ko tukunya, cikin dusa ko yashi ko toka, a wuri mai sanyi kusa da randa, ta bar ɗaya a gurbi don kada kaza ta sauya wuri, wata ma ta yi wa tsofaffin alama da gawayi. Duk wannan dabara ce ta 'yan kwanaki, manufarta a riƙe ƙwai da ransa har uwar ta kwanta. A kwatanta da Sin, inda ake lulluɓe ƙwan agwagwa da toka da farar ƙasa da gishiri na makonni har ya rikiɗe ya yi duhu, ko a jiƙa shi cikin ruwan gishiri wajen wata guda. A kwatanta da Turai kafin zuwan firji, inda ake nutsar da ƙwan bazara cikin ruwan farar ƙasa domin kaji kan daina saka idan sanyi ya shigo. Ba a san irin wannan a girkin ƙasar Lafiya ba, kuma ba rashin kayan aiki ya jawo ba. Keana da Awe, garuruwan gishiri da mata suka shafe ƙarnoni suna dafa shi, suna nan kusa. Toka na kowane murhu, kanwa na kowace kasuwa. Mutanen da suka iya ƙyafe kifi, suka iya daddawa da kilishi da shanya kuɓewa, ba za a ce dabarar ajiya ta gagare su ba. Abin da babu shi ne rarar da za a ajiye. Hanyar adana ƙwai a nan ita ce a mai da shi ɗan tsako, ya riƙa ciyar da kansa har ranar da aka buƙace shi.

Dabarun zamani marasa wuta ma na da iyakarsu a wannan yanki. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, da busasshiyar iska take aiki. Da damina, lokacin da ƙwan zabi ke yawa, iskar Lafiya cike take da laima, sanyin da tukunyar ke bayarwa sai ya ragu. Shafa wa ɓawo ɗan man girki mai tsabta ya fi dacewa da nan, domin yana toshe ƙofofin ya ƙara wa ƙwan ci makonni, amma ba a yi wa na ƙyanƙyasa, don zai shaƙe.

Naman ma haka. Ba a cika yanka kaza don a ajiye ba, ana ajiye ta da rai ne a yanka ranar buƙata. Inda ake son ya kwana biyu, sai a soya shi ƙarau kamar na Salla, ko a yi dambun kaza, a dafa a daka a soye har ruwa ya ƙone, guzurin ɗalibi da maniyyaci. Ranakun buƙatar kuwa sanannu ne: baƙo mai daraja, farfesun mai jego da marar lafiya, kazar amarci da ango ke shiga da ita, Ƙaramar Salla, Kirsimeti da sabuwar shekara. A duk waɗannan kazar gida ake nema, mai tauri da ɗanɗano wadda ke jure dogon dahuwa, ana kuma biyan ta fiye da nauyinta.

Akwai wata kasuwa ƙarƙashin wannan kasuwa, wadda launi ke yanke wa farashi. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya buga littafinsa a 1946, ya bayyana yadda kowane iska ke da dabbar da ake yanka masa da launinta. A bori ma haka: ja, fari, baƙi, wake-wake. Addinan gargajiya na ƙabilun da ke kewaye da Lafiya su ma kaza ce dabbar yankansu ta yau da kullum, domin ita ce kowa ke iya samu. Har a tsakanin Musulmin da ba ruwansu da bori, farin zakara na sadaka na da nasa masu nema. Kajin da halittarsu ta bambanta, irin su fingi da durgu, su ma suna da nasu ciniki, wasu na nema ido rufe, wasu ba sa son ganin su a gidansu. Masana kiwo na da wani dalili dabam na damuwa da irin waɗannan: kaza mai tsiraicin wuya da mai birkitaccen gashi sun fi sauran jure zafi, saboda jikinsu na saurin fitar da ɗumi. Ƙyama da yawan yanka na rage su a garke, alhali su ne suka fi dacewa da bazarar Lafiya.

A fagen ado ba a cika ganin ƙwan kaza ba, kuma dalilin bai sauya ba. Rina ƙwai da zana shi, wanda Yukiren ta shahara da shi, ya bunƙasa ne a ƙasashen da azumin Kirista na kafin Ista ya hana cin ƙwai na makonni, kaji kuwa ba su daina saka ba, sai ya taru. Daga wannan al'ada ƙwan zinariya na Faberge ya fito, wanda aka fara ƙera wa sarkin Rasha a 1885. Kiristocin Lafiya na bikin Ista, amma rina ƙwai bai zama al'adarsu ba. Ƙwan da ya hau matsayin ado a wannan ɓangare na Afirka na jimina ne, wanda ba a sa wa kowace kaza: yana kan ƙololuwar hasumiyoyin babban masallacin Jenne a Mali, matafiyan ƙarni na 19 kuma sun ambaci ganin sa a kan tsinin ɗakuna a Borno, ƙasar da masu kafa Lafiya suka fito. Abin da tsuntsayen gida suka ba masu fasaha shi ne zane. Saƙi, yadin nan na baƙin shuni mai ɗigo-ɗigon fari, zanen jikin zabo ne aka kwaikwaya a masaƙa, kuma Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ambaci rigar da ake kira da sunan zabo cikin tufafi masu daraja na lokacin.

Sai aka kawo kazar da ba ta kwanci. Kajin ƙwai na gidan gona an zaɓe su ne zuriya bayan zuriya har aka kusa shafe musu sha'awar kwanci, suna saka 280 zuwa 300 a shekara, ba zakara a kejinsu. Ƙwansu ba zai taɓa zama ɗan tsako ba, saboda haka babu abin da camfi zai tsare a cikinsa. Uwar da ba za ta taɓa ƙwan kazarta ba takan aiki yaro shago ya sayo biyu a soya masa. Ƙididdigar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta fitar a 2018 ta ce Nijeriya na da kaji wajen miliyan 180, kimanin miliyan 80 daga ciki na sake ne a gidaje, kuma ƙasar na samar da ƙwai tan 650,000 a shekara, fiye da kowace ƙasa a Afirka. Jos, saboda sanyinta, na cikin manyan cibiyoyin wannan sana'a a Arewa, kuma Lafiya na kan hanyarta ta kudu. Amma da rarar ta zo, sai ta tarar ba a tanadar mata wurin zama ba. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Nijeriya ta ce mambobinta sun yi asarar ƙwai sama da kiret miliyan 15, na fiye da Naira biliyan 30. Kazar gidan gona ba ta san kasuwa ta tsaya ba, kullum sai ta ci masara da waken suya, kullum sai ta saka. Ƙasar na da ƙarancin masana'antun mai da ƙwai gari, wutar firji kuma ba abin dogaro ba ce.

Tsakanin kazar gida da ta gidan gona aka nemi tsaka-tsaki, kuma Nasarawa na cikin wuraren gwajin. Daga 2015, cibiyar binciken dabbobi ta ILRI mai hedikwata a Nairobi, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, ta jagoranci wani shiri a Habasha da Tanzaniya da Nijeriya. A nan an raba kaji iri shida ga gidaje sama da 2,000 a jihohin Kebbi da Kwara da Nasarawa da Imo da Ribas: kazar Fulani, Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abekuta, Noiler ta wani kamfanin ƙyanƙyasa a jihar Oyo, Kuroiler daga Indiya, da Sasso daga Faransa. Ingantattun sun fi kazar Fulani saurin girma da yawan ƙwai, masu kiwo kuma sun fi karkata ga masu girman jiki. Wannan ci gaba ne na gaske, domin kazar da ke saka fiye da abin da za a ƙyanƙyashe ita ce za ta kawo ƙwai bakin yaro a cikin gidansu. Amma akwai farashi. Irin waɗannan kaji ba su cika kwanci ba, tono kaɗai ba ya ƙosar da su, kuma waɗanda aka samar ta hanyar haɗa jinsi, 'ya'yansu ba sa riƙe ingancin iyaye. Matar da ta sayar da kajinta na gida ta koma kansu kacokan, ta tashi daga mai iri ta koma mai sayen 'yan tsaki duk zagaye. Masu wayo kan riƙe kazar gida biyu ko uku don kwanci, su riƙa sa musu ƙwan manyan, daidai yadda aka saba yi da na zabi.

Abin da ya fi komai tauye lissafin, a ganina, ba jinsin kaza ba ne, mutuwa ce. Cutar Niyukasil, wadda aka fara ganowa a 1926 a tsibirin Jaba da kuma Ingila, aka tabbatar da ita a Nijeriya a farkon shekarun 1950, ita ce annobar da ke share akurki da hunturu: kaza ta takure, ta yi zawo, wuya ya murɗe, cikin kwanaki gida ya yi tsit. Lokacinta ya zo daidai da hada-hadar kajin Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma da zarar ta ɓulla kowa sai ya yi maza ya kai nasa kasuwa kafin su faɗi, mai saye ya kai gida ya saka cikin masu lafiya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Muddin mace na tsammanin rasa garkenta duk shekara, dole ta mayar da kowane ƙwai iri don ta cike giɓi. Idan mutuwar ta ragu, ƙwai shida ko bakwai sun ishe ta kwanci, sauran su shiga tukunya ko da ba a sauya mata kaza ba. Rigakafin kuwa akwai shi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin nau'in I-2 da aka samo daga Ostareliya, mai jure zafi fiye da sauran, wanda ake ɗiga wa kaza a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu. Cikas ɗin na rabo ne: kwalba ɗaya ta ishi kaji 50 ko fiye, idan an haɗa ta ba ta daɗewa, gida ɗaya kuma da wuya ya tara wannan adadi. Sai an sami mutum ɗaya a unguwa da zai bi gida-gida da sassafe kafin a buɗe akurki, a watan Oktoba ko Nuwamba kafin iskar hunturu ta kaɗa, yana karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa kan kowace kaza. A gidajen da namiji baƙo ba ya wuce zaure, wannan mutum dole ta kasance mace.